Yoyo a gindin bututun hayaƙi: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga wata tattaunawa kan yadda ake gano yoyon ruwa a gindin bututun hayaƙi da magance shi a tsofaffin gidajen jan bulo na Ingila.

1. Kusan kowa ya ce a fara duba dalmar da ke haɗa bututun da rufi, nan yoyo ya fi farawa.
2. Don gano inda yoyon yake, a zuba wa bututun ruwa da tiyo daga ƙasa zuwa sama, wani yana ciki yana kallon silin. Inda ya jiƙe ba lallai nan ruwan ya shiga ba, yakan bi katako ya gangaro.
3. An rabu kan cike tsakanin bulo: wasu siminti, wasu farar ƙasa. Ina bayan farar ƙasa, domin siminti kan tsare danshi, ƙanƙara ta zo ta fasa bulon.
4. Bututun da aka toshe ba iska yakan yi gumi. A buɗe masa ƙofar iska.