Yini ɗaya kacal a tsakiyar birni, ta ina zan fara?

Jama'a, a taimaka mini da shawara. Zan raka mahaifina ganin likita a wani babban birni, bayan mun gama muna da yini ɗaya kafin mu juyo. Burinsa ya ga tsakiyar gari: tsofaffin gine-gine, gidan tarihi, da dogon benen nan da ake hawa a hango birnin gaba ɗaya.

Matsalar ita ce gwiwa. Baba ba ya iya tafiyar minti goma bai nemi wurin zama ba, ni kuwa duk abin da na duba a Google Maps sai in ga an rubuta minti 20 ko 25 a ƙafa. Ga shi ranar ta faɗo Litinin, na kuma lura gidajen tarihi da yawa a rufe suke ranar.

Kwana uku ina ta jujjuya taswira, kaina ya ɗaure. Shin motar yawon buɗe ido mai hawa biyu, wadda ake sauka a sake shiga da tikiti ɗaya, za ta fisshe mu, ko cunkoson yamma zai cinye lokacin? Benen kuma, da safe ya fi ko da faɗuwar rana? Layi nake tsoro, don Baba ba zai jure tsayuwa ba.