Mun sauka Istanbul ni da maigida, ya ake tsara kwanakin farko?

Maman Hibba:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Hutu muka zo Istanbul ni da maigida mu biyu ba yara, otal ɗinmu a unguwar Sultan Ahmad yake. Toh shi tun kafin mu taso ya cika takarda da sunayen wurare, so yake a yini ɗaya mu shiga Aya Sofiya da Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, mu ƙarasa babbar kasuwa (Grand Bazaar), ni kuwa wlh gajiyar jirgi ba ta sake ni ba ga garin duk hawa da gangara, ƙafata har ta kumbura. In na ce mu huta sai ya ce ba barci muka zo yi ba, kuma na san ya daɗe yana tara kuɗin tafiyar nan dan ya faranta min, shi ya sa bana so mu samu saɓani. Waɗanda suka san garin ya kuke yi? Sannan tasi ya fi ko akwai wata hanya?

Abu Yasir:
Wa'alaikumussalam Hajiya, barkanku da sauka. Ku manta da tasi tukuna, cunkoson garin nan ba wasa ba ne, mita na ta gudu kuna tsaye. Ku sayi Istanbulkart a injin da ke tasha ku zuba mishi kuɗi, da katin ake hawa taram (jirgin ƙasa mai bin titi) da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa har jirgin ruwa. Taram T1 ta unguwarku yake wucewa, zai kai ku bakin babbar kasuwa ta wannan ɓarin, ta ɗaya ɓarin kuma Eminonu da Karakoy har Kabatash. In dole sai tasi toh ku tabbatar an kunna mita kafin mota ta tashi.
Ki ce wa oga ya duba ranaku kuma, Topkapi a rufe take ranar Talata, babbar kasuwa ba a buɗe ta Lahadi. Aya Sofiya an mai da ita masallaci a 2020, daga Janairun 2024 aka sa wa baƙi masu zuwa kallo Yuro 25 kuma bene ake hawa da su, amma in lokacin sallah kuka je da niyyar sallah ba tikiti. Topkapi kaɗai sai ta ci muku rabin yini, ba abin da ake haɗa ta da shi.

Anti Bilki:
Ƙanwata kin ga abin da ke damunki ba taram ba ne. Kwanakin farko a baƙon gari kowa a takure yake, barci ya rikice, ba kwa jin yaren, shi kuma namiji duk nauyin a kansa yake ji, fasfo, canjin kuɗi, hanya, kar a cuce ku, sai ki ga yana faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba alhali tsoro ne kawai kar tafiyar ta lalace. Kar ki ce mishi "na gaji" a tsakiyar titi yana riƙe da waya yana neman hanya, lokacin ba ya ji. Ki bari sai dare kun ci kun ƙoshi ki yaba mishi tsarin da ya yi, sannan ki roƙe shi wuri ɗaya babba da safe, bayan azahar a dawo a miƙe ƙafa, da la'asar a fita yawo mara takarda.
Kuma dan Allah ku hau jirgin ruwa daga Eminonu zuwa Uskudar, na 'yan gari ba na masu yawon buɗe ido ba, da katin nan za ku shiga. Minti kaɗan kun bar Turai kun shiga Asiya kuna zaune, ana sayar da shayi a ciki, ku riƙo simit, burodin nan nasu mai riɗi. Shi ya ga gari ke kin huta, kuma a nan ne za ku yi hirar da yara ba sa bari ku yi.

Baban Sultan:
Anti na yarda da ke amma a yi wa bawan Allah adalci, wanda ya yi shekaru yana jin labarin garin da Sultan Muhammad Alfatih ya ci a 1453 in ya ganshi a ciki dole ya ƙagu. Ni dai in za a rage komai kar a rage biyu. Ɗakin kayan amana a Topkapi inda aka ajiye mayafin Manzon Allah SAW da takubba, ana karatun Alkur'ani a wurin dare da rana. Sai masallacin Ayyub Sultan inda kabarin sahabi Abu Ayyub Al'ansari yake, wanda ya sauki Annabi a gidansa lokacin hijira. Kasuwa kam a bar ta sai ƙarshe, in kun saba da lira kun san farashi ba mai yi muku wayo.

Maman Hibba:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Anti na yi yadda kika ce kuma ya amince, har ya ce da ma shi ma bayansa na ciwo bai faɗa ba ne. Gobe Juma'a muna so mu yi sallah a masallacin Sultan Ahmad, mata na samun wuri kuwa?

Abu Yasir:
Suna samu Hajiya amma wurinsu bai kai na maza ba, ku fita da wuri kamar awa ɗaya kafin kiran sallah, kuma ku yi alwala tun daga otal. Ku sa wurin da za ku haɗu bayan an idar dan cikowa ake yi sosai, waya ba lallai a ji ta ba.