Gudu da keke: yadda za a raba su a shekara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da niyyar shiga gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42, wanda ake yi a watan Fabrairu. Sai dai da keke na saba, kuma ba na son in jingine shi. Yayyena, ku ba ni shawara.

Malam na Hanyar Gwarzo: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka fara lissafi daga Fabrairu kana komawa baya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan kai digiri 40, ba lokacin dogon gudu ba ne. A nan keke zai ɗauki kaso mafi yawa: ka fita da shi sau uku a mako bayan asuba, ka haɗa da gajeren gudu sau biyu. Iska na bugunka, zuciya da huhu na samun aiki, gwiwa kuma ta huta.

Ɗan Jos: Malam ya yi gaskiya, amma bari in ƙara wani abu da ke damuna ƙwarai. Keke yana ba mutum numfashi, amma ba ya ƙarfafa agara da ƙwauri yadda taka ƙasa ke yi. Mai keke in ya koma gudu sai ya ji bai gaji ba, ya ƙara nisa, alhali ƙafarsa ba ta shirya ba. Nan ne ciwon ƙwauri ke kama mutane. Saboda haka ko a tsakiyar bazara kar gudunka ya gaza sau biyu a mako, kuma ƙarin nisa ya zama kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 a mako. Daga Oktoba ka juya lissafin: gudu huɗu, keke ɗaya washegarin dogon gudu don jiki ya saki. Mu nan Jos muna kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, muna da sanyi, don haka kar ka kwaikwayi tsarinmu na bazara.

Anti Mai Keke, Kaduna: Kun tsallake damina. Ni a wurina ita ce lokacin gina gudu, musamman da safe bayan an yi ruwa. Laimar Agusta ma ta fi kama da ta Legas, sai ka koyi shan ruwa kana cikin gudu, da ɗan gishiri da sukari. Keke kuwa a yi hattara, ruwa na ɓoye ramuka. In ka dawo ka goge sarƙa ka sa mata mai, ka duba birki.

Ɗan Fagge: Na gode Anti. To hunturu fa? Shi ne dab da tseren.

Malam na Hanyar Gwarzo: Shi ne lokacin dogon gudunka, sanyin zai taimaka maka. Ka kai kilomita 30 zuwa 32 sau ɗaya ko biyu, na ƙarshe saura mako uku, daga nan ka rage. Ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura, ƙurar na shiga ƙirji, balle ga mai asma. Kuma don Allah kar ka hau keke da duku-duku cikin hazo ba fitila, ba hular kwano, direbobi ba sa gani da nisa.

Ɗan Jos: In azumi ya shigo tsakiyar shirin, ka sassauta. Keke a hankali dab da shan ruwa, gudu kuma bayan asham, in ka ci ka sha.

Anti Mai Keke, Kaduna: Takalmin da za ka shiga tseren da shi ka saye shi tun Disamba, ka yi dogon gudunka a cikinsa.