Mene ne amfanin kare birai alhali ɓarna suke yi?

Manomin Masara:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Bara birai sun cinye mini kusan rabin masarar da na shuka a bakin daji, sai ga shi na ji ana ta ɗawainiyar kare biran kurmi a gandun dajin Gashaka-Gumti. Ina roƙon masana su fahimtar da ni amfanin dabbar da ban san ta da komai ba sai ɓarna.

Ɗan Mambila:
Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Sai dai masu shiga gona yawanci bika ne da jan biri, su kuwa biran kurmi, irin mai farin hancin nan na dajin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, rayuwarsu a kan bishiya take. Na taɓa tsayawa ina kallon ɗaya ya cusa 'ya'yan itace a kumatunsa har suka kumbura, ya yi ta tsalle zuwa wata bishiya mai nisa, ya tsotse naman ya tofar da ƙwallayen. Ƙwallon da ya faɗi gindin uwarsa, ƙwari da inuwa ne ke kashe shi, wanda biri ya kai nesa shi ne ke samun tsirowa. Kurmin da aka ƙarar da biransa zai daɗe a tsaye kamar lafiya lau, alhali manyan itatuwansa ba su da magada, kuma shi ne ke riƙe ruwan rafukan da ke gangarawa Binuwai.

'Yar Zango:
A nan Gana, mutanen ƙauyukan Boabeng da Fiema sun haramta wa kansu kashe biri tun kaka da kakanni, har binne shi suke yi idan ya mutu, yau kuma baƙi na biyan kuɗi don su ga biran. Amma wani jan birin kurmi da ake kira Miss Waldron, tun 1978 masana ba su sake tabbatar da ganinsa ba.

Ɗan Mambila:
Gaskiya ne, Hajiya. Abin da ya fi damuna shi ne, mu da ba mu cin naman biri muna ɗauka ba ruwanmu, alhali wutar da ake cinna wa ciyawa kowane rani don makiyaya su sami sabon tsiro tana lasar gefen kurmin, yana ƙara tsukewa. Kai kuma Malam, ka sa mai gadi da sassafe da la'asar daga lokacin da masara ta yi goyo, kada ka zuba guba.