Shin ƙaura daga WhatsApp zuwa Signal ɓata lokaci ne?

Malam Sabo: Jama'a, zan faɗi ra'ayina, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Wannan kiran da ake ta yi a bar WhatsApp a koma Signal ɓata lokaci ne. Na gwada. A Janairun 2021, lokacin da WhatsApp ta ce sai kowa ya amince da sabbin sharuɗɗanta kafin 8 ga Fabrairu, ni ma na bi ayari na sauke Signal. Na buɗe na tarar da mutum shida cikin lambobi sama da ɗari huɗu da ke wayata. Na yi musu sallama, ɗaya ya amsa, shi ma bayan kwana uku. Wata biyu na goge abina. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Habiba: Malam, ai ba kai kaɗai ba. A lokacin ne Elon Musk ya rubuta kalma biyu yana cewa a yi amfani da Signal, mutane suka yi ca har manhajar ta tsaya cak ranar 15 ga watan. Telegram kuma ta ce ta samu sabbin mutane miliyan 25 cikin awa 72. WhatsApp ta tsorata ta ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu. To ina aka kwana? Yawancinmu muna nan inda muke.

Injiniya Bashir: Abin da Malam ya gani yana da lissafi. Mutum goma a manhaja ɗaya, hanyoyin hira tsakanin mutum biyu-biyu 45 ne. Idan suka kai ɗari, hanyoyin sun zama 4,950. Ana kiran wannan ƙa'idar Metcalfe. Kowane sabon shiga yana ƙara wa na ciki amfani, shi ya sa WhatsApp, da ta haura mutum biliyan biyu tun 2020, ba ta buƙatar ta fi kowa kyau. Amma Malam, inda ka zame shi ne ka ƙirga lambobi ɗari huɗu. Duba wayarka yanzu, mutum nawa ka yi wa magana a makon nan?

Malam Sabo: Ban da zaurukan da ake jefa ni ba da izinina ba? Kamar goma sha biyar.

Injiniya Bashir: To su ne jama'arka. Biliyan biyun can ba ruwanka da su. Kuskuren 2021 shi ne kowa ya tashi shi kaɗai, ya isa ya tarar da kango, ya juyo. Da zaure guda ne ya tashi tare, ranar da aka sa, aka rufe tsohon, da labarin ya sha bamban.

Hajiya Rabi: Ku tsaya tukuna, 'ya'yana. Ni tambayata ita ce me ake gudu? An ce min saƙon WhatsApp a kulle yake, ko su kamfanin ba sa iya karantawa. Ƙarya aka yi min?

Habiba: Ba ƙarya ba ce, Hajiya. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga wayar mai aikawa zuwa wayar mai karɓa, kuma abin dariyar, da fasahar Signal suka yi makullin. Matsalar tana bayan ambulan. Ba a buɗe wasiƙar ba, amma an san wa ya aika, wa ya karɓa, yaushe, sau nawa, da wace waya, kuma wa da wa ke zaure ɗaya. Wanda ya san kina kiran lauya kullum da tsakar dare ba sai ya ji abin da kuka ce ba. Ita Signal, da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan wani mai amfani da ita a 2016, abin da ta iya bayarwa biyu ne kacal: ranar da aka buɗe asusun da ranar ƙarshe da ya hau. Sauran ba ta ajiye ba balle ta bayar.

Hajiya Rabi: To ni ba na kiran lauya da tsakar dare. Hotunan jikoki nake karɓa.

Ɗanlami: Hajiya ta gama magana. Ni dai Telegram na koma, hankalina kwance.

Injiniya Bashir: Ɗanlami, ka gudu daga ruwan sama ka faɗa kogi. A Telegram hirar yau da kullum ba a kulle take daga waya zuwa waya ba, tana ajiye a na'urorin kamfanin. Sai ka buɗe hirar sirri da hannunka, ita ma tsakanin mutum biyu kawai. Zaure kuwa babu wannan kullen sam. Bayan an kama Pavel Durov, wanda ya kafa Telegram, a Faransa a Agustan 2024, kamfanin ya sauya ƙa'ida ya ce zai iya miƙa lambar waya da adireshin intanet ga hukuma idan ta zo da takardar shari'a. Ta fuskar sirrin abin da ka rubuta, WhatsApp ɗin da ka baro ta fi.

Ɗanlami: Kai Yaya Bashir, ka ɓata min dare.

Malam Sabo: Mu koma kan maganata. Injiniya ya ce zaure ya tashi tare. Na ji. Amma kowane ɗan zaure yana da wasu zaurukan: na aiki, na dangi, na iyayen yara a makaranta, ga abokan ciniki. Ka kwashe mutum goma sha biyar, kowannensu igiya ashirin na janyo shi baya. Ƙarshenta manhaja biyu zai riƙe, kuma wadda ya fi buɗewa ita zai tura saƙo da ita ko da bai yi niyya ba. Yatsa ya riga ya saba hanya.

Habiba: Riƙe biyu ai ba faɗuwa ba ce, Malam. Ka tuna BBM, manhajar hira ta wayar BlackBerry? An yi lokacin da in ba ka da lambar PIN ba a yi da kai. Ba wanda ya kira taro ya ce a bar ta. Mutane sun riƙe ta tare da WhatsApp, hira tana raguwa can tana ƙaruwa nan, har aka rufe ta a Mayun 2019 ba wanda ya yi kuka.

Malam Sabo: Misalinki ni ya taimaka. BBM ta daɗe a ɗaure da wayar BlackBerry, WhatsApp kuwa tana hawa kowace waya, tana maye gurbin saƙon tes da ake biya. Mutum ya ga riba a hannunsa ran da ya shiga. Wace riba Hajiya za ta gani a Signal ran farko? Sirri ba a ganinsa, sai ran da aka rasa shi.

Injiniya Bashir: Nan kam na ba ka. Kuma Signal da kanta ta ƙara wa abin wuya da ta cire saƙon tes daga manhajarta ta Android, wanda ta sanar a 2022. A da kana iya saka wa dattijo ita ta zama manhajar saƙonsa guda, bai ma san ya sauya ba. Sai dai a 2024 sun kawo sunan laƙabi, kana iya hira da mutum ba tare da ya ga lambarka ba. Wannan riba ce da ake gani, musamman ga mata a manyan zauruka.

Habiba: Wallahi kuwa. Duk macen da ta taɓa shiga zauren mutum ɗari biyu ta san sallamar baƙon da ke biyo baya.

Ɗanlami: Ni abin da ban gane ba, me ya hana su yi magana da juna kamar imel? Mai Gmail yana aika wa mai Yahoo lafiya lau.

Injiniya Bashir: Tarayyar Turai ta yi dokar da ta tilasta wa WhatsApp buɗe ƙofa ga wasu manhajoji daga Maris 2024. Signal ba ta shiga ba, don in saƙonka ya ratsa gidan Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, bayanan bayan ambulan nan sun koma inda aka gudo. Kuma dokar ta Turai ce kawai.

Hajiya Rabi: Ku kuna ta manyan maganganu. Ni abin da na sani, ranar da 'yata ta ce hotunan yara a sabuwar manhaja kaɗai za ta riƙa turawa, ranar zan ce a saka min. Ba don Meta ba.

Habiba: Hajiya, kin faɗi abin da Injiniya ya yi ta lissafi a kai.

Malam Sabo: Ta faɗi nawa dai. Mutum ta bi, ba sirri ba.

Injiniya Bashir: To mu gwada a nan. Mu talatin da biyu ne. Wata ɗaya a Signal, a kulle wannan zauren kada kowa ya iya rubutu, in an gama mu ƙirga waɗanda suka yi magana.

Malam Sabo: Na yarda, da sharaɗi: sanarwar ranar komawa a nan za a yi ta, don na san nan ne kowa zai gani.

Ɗanlami: Wayata ta cika. Wa zai faɗa min abin da zan goge?