Wai ina banki ke kai kuɗin da muke ajiyewa?

Ɗan Daura:
Salam 'yan uwa, dan Allah a ƙara mani haske. Baba ya saida shanu biyu a kasuwar Mai'adua, nace mu kai kuɗin banki yace shi sam, tun canjin kuɗi na 2023 da ya yi layi tun asuba har azahar aka miƙo mashi dubu biyar ya rantse babu sisin kowa a ciki. Yanzu haka suna cikin buhun gero a ɗakinshi, ga halin tsaro da ake ciki, wallahi ko barcin kirki bana yi. Ya tambaye ni ina suke kai kuɗin mutane na rasa ta cewa.

Baban Khadija:
Wa alaikumussalam. Ai Baba bai yi ƙarya duka ba, kuɗinka ba a kulle suke cikin akwati da sunanka a jiki ba. Da ka ajiye, banki ya ci bashinka kenan, sai ya ɗauka ya ranta ma ɗan kasuwa ko kamfani ko gwamnati, abin da yake karɓa a sama ya fi wanda yake ba mai ajiya, nan cinshi yake. Tsaba kaɗan yake bari a kanta saboda ya san ba rana ɗaya kowa zai zo cira ba, wani kaso kuma dole ya kai ajiya Babban Bankin Najeriya, CBN, a 2024 ma sai da kason ya kai 50 cikin ɗari. Abin da ya faru a 2023 takardun ne suka yi ƙaranci don an janye tsofaffi sababbin ba su wadata ba, amma lissafin kowa yana nan a asusunshi.

Maman Abba:
Ni dai ku faɗa mashi maganar NDIC, ita ce inshorar masu ajiya. Idan banki ya durƙushe tana biyan mutum har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan nan na maikirofainans. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024 ta BVN aka bi mutane ana tura masu. Buhun gero kuwa in gobara ko ɓarawo ya zo wa zai biya shi?

Malam na Ƙofar Soro:
Ƙanena ka binciki Baba a hankali, dattawanmu sau da yawa kuɗin ruwa suke gudu ba su faɗa. In haka ne akwai bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa, irin su Jaiz tun 2012, ga TAJ ga Lotus, su kaya suke saye su saida maka da ribar da aka yi ciniki a kai, murabaha kenan.

Ɗan Daura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam ka taɓo wurin, jiya bayan isha'i ya yi mani zancen ruwan nan. Gobe in sha Allah zan ɗauke shi a mashin mu je ya ji da kunnenshi, katin ɗan ƙasa kaɗai zai riƙa ko sai da hoto?