Na haɗa kebul biyu da LACP, amma ɗaya ne kawai ke aiki

Mai_Kebul:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A makarantar da nake aiki muna da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) Cisco 2960 da wata saba (kwamfutar da sauran ke ɗaukar bayanai daga gare ta) mai Linux da malamai ke zuba darussan bidiyo a ciki. Na ja kebul biyu na gigabit tsakaninsu don in haɗa su da LACP, wato tsarin da ke sa kebul da yawa su yi aiki kamar hanya ɗaya, na sa channel-group 1 mode active a kafofin biyu, a sabar kuma na yi bonding da 802.3ad, wato LACP ɗin kenan a ɓangaren Linux. In na buga show etherchannel summary ina ganin Po1(SU), wato haɗaɗɗiyar hanyar tana aiki, kowace kafa da (P) a gabanta, alamar ta shiga haɗin. To amma in ɗalibai sun cika ɗakin kwamfuta, fitilar kafa ɗaya ce ke ta ƙyaftawa, ɗayar kuwa shiru, bidiyo kuma sai tsayawa yake. Ɗaliban suna wata VLAN daban, wato wani ɓangaren netwok da ba na sabar ba. Don Allah a taimaka, jarrabawa ta matso.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam, haɗinka lafiya lau yake, (P) ɗin nan ita ce shaida. Matsalar tana wajen rabon kaya. LACP ba ya raba fayil ɗaya gida biyu, kowace zirga-zirga kebul ɗaya take bi har ta ƙare, kuma kowane ɓangare shi ke zaɓar kebul ɗin da zai aika nasa. Linux, in ba ka taɓa komai ba, da adireshin MAC (lambar shaidar katin netwok) yake lissafi. Tunda ɗalibanka ta rawuta (na'urar da ke haɗa VLAN ɗinsu da ta sabar) suke isowa, sabar MAC ɗaya tal take gani, sai ta jibga komai a kebul ɗaya. Mai da xmit_hash_policy zuwa layer3+4, don ya riƙa rabo da adireshin IP da lambar port. A suwic ɗin ma asalin saitin src-mac ne, ka sa port-channel load-balance src-dst-ip.

Hajiya_IT:
Ya faɗa daidai. Abin da ya fi damuna ni shi ne sa ido. Ranar da ɓera ya cinye kebul ɗaya a silin, Po1 zai ci gaba da nuna yana aiki, ba wanda zai sani sai gudu ya ragu. Ka sa kowace kafa daban a manhajar sa ido irin Zabbix ko LibreNMS ta SNMP (hanyar karanto halin na'ura), da ƙararrawa, kada ka tsaya a Po1 kaɗai. Riƙa leƙa /proc/net/bonding/bond0 kuma. Kada wani ya ce maka ka koma mode on, wato haɗi ba tare da LACP ba, shi ba ya tambayar ɗaya gefen komai.

Mai_Kebul:
Allah ya saka da alheri. Na canza yau bayan azahar, fitilun biyu yanzu duk suna motsi. Hajiya, tsakanin Zabbix da LibreNMS wanne ya fi sauƙin girkawa a tsohuwar kwamfuta?